FILIN MANOMA: Gonar Da Ta Ƙi Taki

Jama'a, akwai kukan da manoman jigawa ke yi a ƙasar Gwandu da Kalgo. Wai sun zuba takin zamani, amma dawa ta tsaya cak. To, kafin a zargi mai sayad da taki, a tuge dawa guda a dubi saiwarta. In an gan ta gajera, mai kauri, ba ƙananan gashi, mai yiwuwa ƙasar ce ta yi tsami.

Ga yadda abin ya ke. A cikin kowace ƙasa akwai alminiyum, watau irin ƙarfen da a ke ƙera tukunya maras nauyi da shi. Kwance ya ke, ba ya ɓarna. Amma in tsamin ƙasa ya yi yawa, har ma'aunin ya sauka ƙasa da 5.5, sai ya narke ya ƙone bakin saiwa. Saiwar da ba ta nutsa ba kuwa ba ta kai ga laima, kwana kaɗan ba ruwa sai shuka ta yi yaushi. Kuma ya kan riƙe takin supa, ya hana shuka ci.

Rairayi shi ya fi saurin tsami, yuriya kuwa in ana zuba ta ita kaɗai kowace shekara tana ƙara shi. A Samaru ta Zariya an fara gwaji tun 1950, aka ga filin da a ke ba takin salfa kaɗai yana tsami, wanda a ke haɗa wa da kashin shanu kuwa ya fi jurewa.

Wannan ciwo yana da magani: takin gargajiya, da tokar murhu, da farar ƙasa. Amma akwai wanda ya fi shi muni, watau dalma da 'yan'uwanta, gama ba su ruɓewa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara wajen 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum ta Zamfara, har sai da aka kankare ƙasar gidaje. A Japan kuma, ruwan ma'adinai ya kai wani ƙarfe mai suna kadmiyum fadamun Toyama, ya shiga shinkafa, ya lalata ƙasusuwan mutane. Ƙasa mai tsami ita ta fi miƙa wa shuka kadmiyum.

Saboda haka mai kwasar juji zuwa gona ya tsince matattun batura tukuna. Mai lambun albasa da mai shinkafa kada su yarda a wanke dutsen zinariya kusa da ruwan da su ke ban ruwa da shi.

Wani zai ce farar ƙasa kuɗi ce, shanu kuma sun yi kaɗan. Gaskiya ne. Amma buhun takin da shuka ba ta ci ba, ai shi ne asara. Ra'ayina shi ne, hukuma ta riƙa auna ƙasa kafin ta raba taki, inda aka sami tsami kuma a haɗa da farar ƙasa. Dutsenta yana nan Kalambaina kusa da Sakkwato, ba sai an je ƙetare ba.

Ku kuma manoma, ku nemi malamin gona ya ɗebi ƙasarku tun da rani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.