Injin Ban-Ruwa Mai Jin Kiran Waya

Jama'a, wani sabon al'amari ya shigo sha'anin noma, ya kamata manoma su san kansa tun dillalai ba su iso da shi ƙofar gida ba. Da can mutum ne kaɗai ke magana ta waya. Yanzu kuwa ana sa wa kaya layi kamar yadda a ke sa wa wayar hannu, watau injin ban-ruwa, da tarakta, da fitila mai aiki da hasken rana, su riƙa aika labari ta intanet, su kuma karɓi umurni daga nesa.

Abin ba tatsuniya ba ne. A Jamhuriyar Nijar, wani mutumin ƙasar mai suna Abdou Maman Kané ya ƙago dabarar da mai lambu zai buga waya daga inda ya ke, famfo ya kama aiki, in ruwa ya isa ya sake bugawa ya tsaya. Har ya ci babbar kyautar Sarki Hassan na Biyu ta sha'anin ruwa a 2015. A Nijeriya kuma kamfanin Hello Tractor, wanda a ka kafa a 2014, yana ɗaura wa tarakta wata 'yar na'ura mai nuna inda ta ke da yawan aikin da ta yi. Mai tarakta na zaune a Kano ya san ko direbansa yana huɗa a Kadawa, ko ya zarce wata gona yana cin kuɗi shi kaɗai. Wanda ya taɓa ba da hayar tarakta ya san darajar wannan.

To, amma akwai wani abu da mai talla ba ya son faɗi. Na'urar nan ba ta da baki nata na kanta. Duk abin da za ta ce sai ya bi ta kan dogon ƙarfen nan na kamfanin waya, in kuwa babu ƙarfen kusa, ita da dutse ɗaya ne. Tun 2001 da MTN da Econet su ka fara aiki a Nijeriya, kamfanoni inda mutane su ka taru nan su ke kafa ƙarfe, gama nan ciniki ya ke. Ba a ga laifinsu ba, ɗan kasuwa riba ya fito nema. Sai dai fadama ba ta cikin birni. Tana can gangare, mil biyar ko goma daga gari, inda mutum kan hau tudu ko itace kafin ya sami sabis. Injin da ke bakin rafi kuwa ba ya hawa itace.

Saboda haka nauyin farko a wuyan kamfanonin waya ya ke, da hukumar NCC mai lura da su. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu musamman don kai waya wuraren da ba riba. Daidai ne a riƙa duban inda a ke noman rani, kamar Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja, in za a raba wannan aiki, kada a tsaya ƙidayar rufin gidaje kawai.

Sa'an nan ga maganar kuɗi. Na'urar da ke auna laimar ƙasa ba ta hira, ba ta kallon hotuna. Saƙon da ta kan aika bai kai nauyin hoto guda ba. Ina dalilin da za a sayar mata da kati irin na saurayi mai kwana a kan waya? A Janairun 2025 NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, manomi kuwa sau ɗaya ko biyu ya ke ganin kuɗi a shekara. Abin da ya dace shi ne a yi wa irin waɗannan na'urori layi nasu dabam mai araha, wanda za a biya da kaka ya kai wata kakar. Kada kuma a rufe shi don ya yi damina ba a taɓa shi ba, gama injin ban-ruwa da damina hutawa ya ke.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ban tsoro. Na'urori masu araha da yawa kan tsohon sabis na 2G su ke tafiya. A Amurka kamfanin AT&T ya kashe nasa 2G a farkon 2017, na'urorin da ba su jin wani sabis sai shi su ka yi shiru lafiyarsu lau. Ran da kamfanonin nan za su yi haka, tilas su ba da sanarwa da shekaru, da Hausa, a rediyo, ba a wata takardar Turanci da akawu kaɗai zai gani ba. Mutanen Zamfara ma sun ɗanɗana irin wannan shiru a Satumban 2021, sa'ad da Gwamnati ta sa a ka rufe sabis makonni da dama saboda 'yan bindiga. Tumatir ba ya jiran a buɗe layi, kwana kaɗan ba ruwa ya yi yaushi.

Don haka manomin da dillali ya kawo wa irin wannan inji kada ya biya a kanti. Ya ɗauki dillalin su tafi har bakin rijiyar da za a girka shi, a buga waya nan a gabansa a ga ko ya tashi, a gwada da layin kamfani fiye da ɗaya. Ya tambaya wa zai riƙa biyan kuɗin layin bayan shekarar farko, sunan wa kuma ke kan rajistarsa. In injin ba shi da makunnin da za a murɗa da hannu ran da sabis ya ɗauke, ya bar wa dillali kayansa.