Bayan an fasa shago: Abubuwan da ke sa kuɗin toshe ƙofa da taga da katako ya hau

A ranar Laraba 7 ga watan Agustan 2024, 'yan kasuwa a garuruwa da dama na Ingila sun wayi gari suna neman kafinta ido rufe. An yaɗa wani jerin sunaye a intanet na ofisoshin lauyoyi da cibiyoyin taimaka wa baƙin haure da aka ce za a kai wa hari da yamma, don haka kafin la'asar an rufe fuskar shaguna da yawa da allunan katako, ciki har da na wasu unguwannin Landan.

Tarzomar ta samo asali ne daga kisan wasu yara mata uku a garin Southport ranar 29 ga Yuli, da kuma ƙaryar da aka yaɗa cewa maharin Musulmi ne mai neman mafaka. An kai hari masallacin garin, an cinna wa wani ɗakin karatu wuta a Liverpool, an fasa shaguna a Hull da Sunderland da Belfast.

A daren Larabar dai galibin wuraren ba a yi rikici ba, domin masu adawa da tarzomar ne suka cika tituna. Amma masu shagunan sun riga sun biya kuɗin katako da na aiki.

A Birtaniya da Amurka toshe gini cikin gaggawa sana'a ce mai zaman kanta. Akwai kamfanonin da ke amsa waya dare da rana, su zo su rufe tagar da aka fasa, ko ƙofar da ɓarayi suka ɓalle, ko gidan da gobara ta bari a buɗe. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne yadda aiki iri ɗaya ke zuwa da farashi mabambanta. Idan aka bi lissafin daki-daki, za a ga cewa katakon shi ne ƙaramin kaso a cikin kuɗin.

Lokacin da aka kira su

Abu na farko shi ne agogo. Ɓarawo ba ya fasa shago da tsakar rana, don haka yawancin kiran gaggawa da dare ake yin su, ko a ƙarshen mako.

Kamfanin da ya yi alkawarin zuwa cikin awa ɗaya ko biyu dole ya ajiye ma'aikata da mota da kaya a shirye, ko an kira ko ba a kira ba. Wannan zaman jiran shi ake ɗora wa wanda ya kira. Shi ya sa ake samun kuɗin fitowa daban, kuɗin aiki daban, sannan ƙarin dare ko na ranar hutu.

Mai shagon kuma ba shi da damar taya ciniki. Kayansa na fili, titi na kallonsa, kuma duk awar da ta wuce asara na iya ƙaruwa. Wanda ya iya samun mai gadi ya kwana a wurin har gari ya waye yakan biya ƙasa da wanda ya ce a zo yanzu-yanzu, amma shi ma mai gadin da kuɗinsa.

Girman wurin da tsayinsa

Allon katakon da aka fi amfani da shi yana da tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4. Tagar ɗaki allo ɗaya ya ishe ta, wani lokaci ma a yanka a rage. Fuskar shago mai gilashi daga sama har ƙasa kuwa tana cin alluna da yawa, kuma sai an fara kafa mata firam na katako a ciki kafin a buga allunan, in ba haka ba ƙafa ɗaya za ta tura su.

Idan tagar a bene take, lissafi ya canza. A Birtaniya akwai dokar aiki a wuri mai tsawo ta shekarar 2005, wadda ta ɗora wa mai kamfani alhakin tsara aikin yadda ma'aikaci ba zai faɗo ba. Allo mai nauyi ba abin da mutum ɗaya zai hau tsani da shi ba ne. Sai an ƙara ma'aikaci, wani lokaci a yi hayar motar da ke ɗaga mutum sama.

Haka nan wurin da mota ba ta iya shiga, ko tsakiyar birni inda ajiye mota ma kuɗi ne, ko ƙauyen da ke da nisa da inda kamfanin yake. Duk waɗannan suna shiga cikin takardar biya. A Birtaniya kuma akwai harajin VAT na kashi 20 cikin 100 a kan jimlar, wanda wasu ba sa ambata shi a waya sai an ga rasit.

Irin ɓarnar da aka yi

Tagar da dutse ya fasa ta fi sauƙi: a kwashe gilashi, a auna, a buga. Ƙofar da aka ɓalle da ƙarfe takan zo da karyayyen firam, don haka babu ma inda za a kafa noti sai an gyara.

Gobara ta fi duka wahala. Ba a fara aiki sai 'yan kwana-kwana sun ce ana iya shiga, katakon firam ya ƙone, bango ya yi laushi, rufi na iya buƙatar tamfol saboda ruwan sama. Idan fashi ne, 'yan sanda kan so a jira masu ɗaukar zanen yatsa su gama. Ma'aikatan da suka zo suka tsaya suna jira, lokacinsu na tafiya a kan kuɗin mai gini.

Katako ko ƙarfe

Tambayar da ta kamata mai gini ya yi wa kansa ita ce: kwana nawa wannan abin zai yi a wurin?

Idan mai gilashi zai zo gobe ko jibi, allon katako mai arha ya wadatar. Akwai wanda ake yi da ɓarɓashin itace da aka matse da gam, ya fi arha amma ruwa na kumbura shi. Akwai kuma mai hawa-hawa na siraran yanka, wanda ya fi ƙwari da tsada. Kaurin ma na da tasiri: a Birtaniya an fi amfani da mai milimita 18 idan ana son tsaro.

Idan kuwa ginin zai yi watanni babu kowa, katako na iya zama matsala, domin yana ci da wuta, ana iya ɓamɓare shi, kuma yana shelanta wa kowa cewa babu mutum a ciki. A nan ake komawa ga farantan ƙarfe masu ƙananan huji da ƙofofin ƙarfe. Sau da yawa waɗannan haya ake bayar da su, ana biya duk mako ko duk wata. Abin da ya yi kama da sauƙi a makon farko yana iya ninka kuɗin katako idan gyara ya ja lokaci.

Ranar da kowa ke nema

A ranar da shago ɗaya aka fasa, akwai kamfanoni da yawa da za a zaɓa. A ranar da gari guda ke tsoro, ma'aikata da katako ba sa isa.

Amurka ta ga haka sau biyu a 2020: lokacin zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayu, da kuma gab da zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamba, lokacin da manyan shaguna a New York da Washington suka rufe fuskokinsu tun kafin a kaɗa ƙuri'a. An ƙiyasta asarar da kamfanonin inshora suka ɗauka a tarzomar ta 2020 tsakanin dala biliyan 1 zuwa 2.

A jihohin da guguwa ke yawan afka wa, irin su Florida, abin ya zama na shekara-shekara. Da zarar an sanar da guguwa na tafe, kamar Milton a watan Oktoban 2024, mutane kan yi layi a shagunan kayan gini. Wannan ne ya sa jihar ke da dokar da ta haramta tsawwala farashin kayan masarufi, ciki har da katako, a lokacin da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci. Sai dai doka na iya hana zalunci a farashi, amma ba ta ƙara yawan kafintoci a gari.

Kasuwar katako ta duniya

Ko da babu tarzoma, farashin allo na bin kasuwar duniya. Kafin annobar korona, katako a kasuwar Amurka na kaiwa kusan dala 400 a kan ma'aunin da ake cinikinsa da shi. A watan Mayun 2021 ya haura dala 1,600, saboda masana'antu sun rage aiki a daidai lokacin da mutanen da ke zaune a gida suka duƙufa gyare-gyare. Daga baya ya sauko.

A 2022 kuma Tarayyar Turai ta hana shigo da kayan itace daga Rasha bayan mamayar Ukraine, alhali Rasha na cikin manyan masu samar da allon katako mai inganci. Mai shago a wani ƙaramin gari ba ya ganin waɗannan abubuwa, amma suna cikin rasit ɗinsa.

Wa zai biya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, domin ita ke raba wanda zai sake buɗe shago da wanda zai rufe ke nan.

Yawancin yarjejeniyoyin inshora na buƙatar mai dukiya ya ɗauki matakin da ya dace don hana ɓarna ƙaruwa. Wanda ya bar taga a buɗe don gudun kashe kuɗi, ruwa ya shiga ko ɓarayi suka dawo, kamfanin na iya ƙin biyan asarar ta biyu. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya kira duk wanda ya samu ya biya kuɗi mai yawa ba tare da sanar da kamfanin ba, yana iya tarar da cewa ba duka za a mayar masa ba, musamman idan kamfanin na da 'yan kwangilarsa. Akwai kuma kason farko da mai inshora ke biya daga aljihunsa, wanda wani lokaci ya kai ko ya fi kuɗin toshewar gaba ɗaya.

Gidajen da babu kowa na da nasu sharaɗin. Inshorar gida da yawa a Birtaniya na rage kariya idan gidan ya yi kwana 30 ko 60 babu mai kwana a ciki.

Idan tarzoma ce, Ingila da Wales na da dokar biyan diyya ta 2016, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1886 bayan ƙorafe-ƙorafen da suka biyo bayan tarzomar 2011. A ƙarƙashinta hukumar da ke kula da 'yan sandan yankin ce ke biya, ana shigar da buƙata cikin kwana 42, kuma diyyar ba ta wuce fam miliyan 1. Amma ba ta biyan cinikin da aka rasa a kwanakin da shago ke rufe. Kuma ɓarnar da aka yi take biya, don haka wanda ya buga katako don riga-kafi a ranar 7 ga Agusta, aka kuma yi sa'a ba a taɓa shi ba, shi ya ɗauki nauyinsa.

Wanda ya yi biris kuma ba ya tsira. Wata doka ta 1982 ta bai wa ƙananan hukumomi ikon toshe ginin da aka bari a buɗe, sannan su nemi mai shi ya biya.

A makon da Kano ma ta shiga ciki

A daidai makon da ake wannan a Ingila, ranar 1 ga Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano ta rikiɗe zuwa fashe-fashe. An wawashe shaguna da cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta NCC, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya dokar hana fita ta awa 24.

A nan ba a saba da kamfanin da za a kira da tsakar dare ba. Kafinta ne na unguwa, da mai walda, da kwanon rufi, da kwaɗo, da 'yan uwa da za su kwana a bakin shago. Amma abubuwan da ke ɗaga farashin ba su canza ba: gaggawa, girman ƙofa, irin kayan, da yawan masu nema a rana ɗaya. An ma ƙara da namu: dokar hana fita na hana ma'aikaci zuwa, mai walda na buƙatar janareto, kuma cire tallafin fetur da faɗuwar darajar naira tun 2023 sun ɗaga kuɗin mai da na ƙarfe.

Babban bambancin shi ne a ƙarshen lissafi. Kason inshora a tattalin arzikin Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka yawancin ƙananan 'yan kasuwa babu wanda zai mayar musu da ko sisi, ko da yake yanzu akwai kamfanonin takaful ga masu gudun inshorar da aka saba da ita.

Abin da za a iya yi tun da wuri

Kusan duk abin da ke sa wannan aiki tsada yana da alaƙa da rashin lokaci. Wanda ya auna ƙofofinsa da tagoginsa ya ajiye ma'aunin a waya, ya san kafinta ko kamfanin da zai kira, ya karanta abin da inshorarsa ta ce, ya rage rabin wahalar. Mazauna yankunan guguwa a Amurka da yawa kan yanka allunansu tun da rani, su rubuta wa kowanne sunan tagarsa, su jingine a gareji.

Idan kuma abin ya riga ya faru, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, a sanar da 'yan sanda, a tambayi jimlar kuɗi kafin ma'aikata su taso, har da haraji da kuɗin cirewa daga baya, sannan a karɓi rasit. Ɗan haya kuma ya fara kiran mai gida, domin takardar haya ce ke faɗin wanda gyaran ƙofa da gilashi ke wuyansa, kuma gara a san hakan kafin a buga ƙusa ta farko.