A Ɓoye Alamar Cikin Nahawu

Wasan neman mafita, wato zanen hanyoyi masu sarƙaƙiya da yaro ke bi da fensir, ba ya koyar da komai muddin sa'a ce ke fitar da mai wasa. Kamata ya yi kowace mararraba ta ɗauki alama, kuma nahawu ne maɓoyarta mafi kyau.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, shi ya sa kukar miya da kukan hawaye suke kama ɗaya a takarda. A rubuta "Kuka ta yi yawa" a mararraba, hanya ɗaya ta nufi itaciya, ɗayar ta nufi jariri. "Ta" ce alamar, domin kukan hawaye namiji ne.

A Gure, inda yara da yawa suka tashi da Kanuri, harshen da ba ya rarrabe jinsi a nahawunsa, wannan darasi ne babba. Sharaɗin shi ne kurman lungun ya zama gajere, yaro ya dawo ya sake karanta jimlar kafin ya karaya. Ɗaliban ilimin harsuna ne suka fi cancantar tsara irin wannan wasa domin makarantun firamare.