Darasin Shekarar 1928 ta Turkawa

Jama'a, akwai shekara guda cikin tarihin ƙasar Turkiyya wadda ya kamata malaman makaranta da malaman ofis na ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa su yi nazari a kanta, watau 1928.

Cikin watan Agusta na shekaran nan shugaban ƙasar, Mustafa Kamal, ya shaida wa mutanensa za a bar rubutun Turkanci da haruffan Larabci, a koma irin waɗanda mu ke kira boko. Ran 1 ga Nuwamba Majalisa ta yi doka, ta tsai da haruffa 29. Ran 1 ga Disamba jaridu duka suka koma sabon rubutu, kana cikin Janairu 1929 aka buɗe makarantun manya ko'ina. Shi kansa shugaban ya zaga garuruwa da alli a hannu yana koyarwa. A 1927 wajen mutum ɗaya ne cikin goma ya iya karatu, amma kafin 1935 sun kusa biyu cikin goma.

Wannan himma abin yabo ce ƙwarai. Amma fa sun biya ta da tsada, gama yawancin jikokinsu ba su iya karanta wasiƙar kakansu, ko littattafan da magabatansu suka wallafa cikin ɗaruruwan shekaru, sai sun nemi gwani.

To, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ba wata doka da ta hana mu ajami. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, ajami kuwa yana nan a zauruka da tsangayu. Abin da ke neman kashe shi raini ne. A 2007 ma an cire shi daga kan ƙananan takardun naira. Sau da yawa manomi a Tiga ko ɗan kasuwa a Riruwai, wanda ke rubuta bashinsa da ajami, in ya zo ofis sai a sa shi dangwala yatsa, a lissafta shi cikin jahilai. Wannan rashin adalci ne.

Shawararmu ita ce, malamin ajin manya ya fara daga harafin da ɗalibi ya sani, ya bi da shi zuwa boko. Malamin ofis ya koyi karanta takardar ajami, ya karɓe ta da mutunci. Masu tsofaffin takardu kuma su adana su, kada gara ta riga mu. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Mu ɗauki himmar Turkawa, mu riƙe rubutunmu biyu. Allah ya sa mu dace, amin.