Na'ura Ba Ta Jinya

Maganar yau ta asibiti ce, kuma da ɗan ɗaci a cikinta.

Akwai wata ɗabi'a da muka yi tarayya a kanta, mu da shugabanninmu. Da zarar an ce za a gyara sashen gobe-da-nisa, na'ura ce ke faɗo mana a rai. A sayo na'urorin taimakon numfashi, a jera, a ɗauki hoto, a watse. Wadda za ta tsaya a kan na'urar dare da rana kuwa, babu mai tambayar me ta sani. Idan namu ya kwanta, nas ta zo duba shi, sai mu ce, "Sista, taimaka ki kira mana likita." Idan ya tashi, likita ake bi da godiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan raini yana salwantar da rayuka, domin shi kansa sashen gobe-da-nisa a kan idon mai jinya aka gina shi. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofenhagen na ƙasar Danmak. Cikin majinyata 31 na farko da cutar ta riƙe wa numfashi a asibitin Blegdam, 27 suka rasu. Wani likitan sa barci, Bjorn Ibsen, ya gane cewa gurɓatacciyar iskar da ya kamata huhu ya fitar ce ke taruwa a jininsu. Aka huda maƙogwaro aka sa bututu, aka riƙa matsa jakar roba da hannu ana hura musu iska. Ɗalibai wajen 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa, tare da ma'aikatan jinya, makonni a jere. Mace-macen suka sauko zuwa kimanin 40 cikin 100. Abin da ya ceci mutanen nan shi ne kowane gado yana da mai zama a kansa, idonsa a kan ƙirjin majinyaci.

To me nas ɗin gobe-da-nisa take gani wanda mu ba ma gani? Na farko, ƙirga. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. A ma'aunin gargaɗin da likitocin Ingila suka fitar a 2012, wanda ya kai 25 ya shiga layin haɗari, haka ma wanda ya sauko 8. Ga yara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn wata 2 zuwa 11 da ya kai 50, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, a yi zargin nimoniya. Sau da yawa numfashi ne ke fara canjawa, sa'o'i kafin jini ya faɗi ko zuciya ta tsaya. Agogo da minti ɗaya kawai wannan awon yake buƙata.

Bayan ƙirga sai kallo. Haƙarƙari na lotsawa? Hanci na buɗewa? Yana iya ƙarasa jimla ba tare da ya tsaya ba? Mai asma da ke ta shessheƙa, idan ƙirjinsa ya yi tsit, mu hamdala za mu yi, mu ce ya samu sauƙi. Ita kuwa ta san iska ce ta daina shiga, gudu za ta yi. Wanda ya kwana yana haki, da asuba ya lafa ya fara gyangyaɗi, mu barci muke gani, ita gajiyar da ke gaban tsayawar numfashi take gani.

Wani zai ce ai yanzu akwai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, ya nuna yawan oksijin a jini. Gaskiya ne, kuma yana da amfani: mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama, ƙasa da 90 kuwa sai a sa iska. Amma a 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun gano cewa yana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Wato mu ne ya fi yi wa ƙarya. Lalle mai duhu, sanyin yatsa da motsi duk suna rikita shi. Nas ɗin da ta san aikinta za ta duba harshe da cikin leɓe, domin a nan shuɗi ke bayyana a jikinmu, ta gwama da lambar kafin ta yarda.

Wani kuma zai ce ai likita ne ke yanke hukunci. Ba mu musa ba. Sai dai likita yana zagayawa ne ya wuce, nas ce ke nan ƙarfe uku na dare. A 2013 wani bincike da aka jagoranta daga Faransa ya nuna cewa kifa masu matsananciyar cutar huhu rub-da-ciki na aƙalla sa'o'i 16 a rana ya rage mace-mace daga kusan 33 zuwa 16 cikin 100. Wa ke kifa su ba tare da bututu ya zame ba? Wa ke zuƙe majina, ya ɗaga kan gado, ya goge baki don kada wata nimoniyar ta shiga? Umarni a takarda ba ya juya majinyaci.

Ku kuma ma'aikatan jinya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya rubuta 20 a katin majinyaci bai ƙirga ba, ya yi shaidar zur, kuma wanda zai karɓe shi aiki a kan ƙaryar nan zai ɗora. Mun san aiki ya yi muku yawa. A nan ma laifin na masu asibiti ne: a ƙa'ida mai numfashi da na'ura nas guda ake ware masa shi kaɗai, to ta yaya wadda aka bar wa ɗaki guda za ta samu minti ɗaya ga kowa? Duk da haka, gara a bar gurbin babu komai da a cike shi da ƙage.

Don haka duk ranar da aka ce an sayo na'urori, mu tambaya: nas nawa aka horar, kuma nawa ke kwana a ɗakin? Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma muna jinya, nas ta tsaya tana kallon ƙirjin ɗan'uwanmu da agogo a hannu, mu yi shiru mu bar ta ta gama. Ba tsayuwar banza take ba.

Filin muhawara a buɗe yake, musamman ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Sai mako mai zuwa.