Mai Akori-kura Ya Fara Zama Bakaniken Motarsa



Duk wanda ya san Jibiya ranar kasuwa ya san akori-kura ce jakin wannan zamani. Ita ke ɗauko buhunan gero da wake daga ƙauyuka, ita ke kwasar tumatir da albasar masu noman rani, ita ke kai kaya Magama, bakin iyaka, inda hanya ta miƙe zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Wasu tsofaffin Peugeot 504 ne, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, wasu kuma Hilux ne da suka sha hannu kafin su iso nan. Bayan kowace ɗaya akwai gidan da ke jiran cefane, akwai yaron mota, akwai 'yan dako. Ra'ayina shi ne, duk mai irin wannan mota ya kamata ya iya ƙananan gyare-gyarenta da hannunsa a ƙofar gidansa, mu kuma masu alƙalami muna da rabonmu na laifi idan bai iya ba.

Mu fara da lissafin aljihu. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Mutane ba su gama farfaɗowa ba aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, sai Maris na 2024 aka buɗe. Direban da ya ratsa waɗannan shekaru ribarsa ta zama 'yar ƙanƙanuwa. Idan injinsa ya buga yau, ba lalle ya iya tayar da motar ba har abada. Abin takaicin kuwa, sau da yawa abin da ke kashe inji ba wani babban abu ba ne: baƙin mai ya ƙare ba a duba ba, ko ruwan lagireto ya tsiyaye ba a lura ba.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Kowa ya san halin tsaro a wasu hanyoyin ƙaramar hukumar Jibiya. Motar da ta mutu a cikin Katsina ɓata lokaci ta jawo, a kira bakanike ya zo a kan babur. Wadda ta mutu a hanyar ƙauye gab da magariba, da fasinja da lodi, wannan magana ce ta rai. Saboda fanbel ɗin da tun mako biyu yake kuka ba a saurara ba, sai mutum ya kwana inda bai kamata ya kwana ba. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin mota a gida ake yin sa, da sassafe, kafin a ɗora lodi.

To, mene ne mai mota zai iya yi da kansa? Na farko duba baƙin mai. A ajiye motar a wuri mai daidai, inji a kashe ya huce, a zaro sandar auna mai, a goge ta, a mayar, a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyun nan. Idan ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kuma alama ce ta gaskit ya ƙone, sai a nufi gareji tun kafin abin ya girma. Juyen mai ma ba gagara ba ne: sifana ɗaya, roba ta tarar tsohon mai, sabuwar filta. Motar da ke bin turɓaya da lodi kullum, yawancin kamfanoni na ba da shawarar a juye mata mai kusan kowane kilomita 5,000. A rubuta ranar da lambar kilomita a ɗan littafi a ajiye cikin mota, don ƙwaƙwalwa na yaudara. Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.

Na biyu iska da ruwa. Inji na shaƙar iska kamar mutum, ƙurar hunturu kuwa ba ta da tausayi. Filtar iska idan ta toshe, mota za ta rage ƙarfi ta ƙara shan mai. Ciro ta a kakkaɓe aikin minti biyar ne, idan ta yage a sauya, domin ƙurar da ta wuce ta kai tsaye cikin inji take zuwa ta ci shi kamar yashi. Ruwan lagireto a duba shi da safe inji na sanyi. Kada a kuskura a buɗe murfinsa mota na zafi, tafasasshen ruwa zai yi tsalle ya ƙona fuska da hannu. Ruwan rijiya zalla yana barin tsatsa da dasashi a cikin lagireto, shi ya sa ruwan sanyaya inji na kanti ya fi, ko da ya fi tsada. Masu motar gas kuma su sani filtar mansu tana da wurin da ruwa ke taruwa a ƙasa, da ɗan abin murɗawa na tsiyaye shi. Mai sayen mai a galan a bakin hanya ya fi kowa buƙatar sanin wannan.

Na uku taya da batir da birki. A auna iskar taya kafin a fara tafiya, adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin shekarunta: idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo na iya zama da zane mai kyau alhali robar ta tsufa ta bushe, zafin kwalta a watan Afrilu kuma ba ya raga mata. Kan batir idan ya yi farin gari a wanke a ɗaure sosai, wurin cirewa a fara da waya mai alamar ragi. Man birki idan yana raguwa kullum, akwai inda yake zuba, wannan mota ba ta cancanci hawa titi ba sai an gano. Sai lodi. Yawancin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar kusan tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo 100. Wanda ya ɗora ninki biyu ya ci riba yau, gobe sifirin da taya da birki za su karɓi kuɗinsu.

Na san abin da wasu za su ce: ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gaskiya ne, kuma shi ya sa dole a ja layi. Buɗe inji, gyaran giya da kuloci, cikin birki, sitiyari, injekta, wayoyin sababbin motoci masu kwamfuta, duk wannan aikin wanda ya yi shekaru a gareji ne. Ko a ƙananan ayyukan akwai ƙa'idar da ba a karyawa: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a barin inji na aiki a rufaffen wuri saboda hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari mai yawa ba. Sanin inda hannunka ya kamata ya tsaya, shi ma wani yanki ne na iya gyara.

Wasu kuma za su ce ana so a cire wa bakanike abinci a baki. Ban yarda ba. Bakanike na kirki ya fi jin daɗin mai motar da zai ce masa, tun shekaranjiya allurar zafi ke hawa idan na ɗau lodi, ruwa kuma na raguwa, a kan wanda zai jawo masa mota da igiya ya ce ta dai tsaya. Motar da ake kula da ita tana daɗewa, mai daɗewa kuwa ita ce ke komawa gareji shekara da shekaru. Wadda ta mutu murus 'yan jari-bola kawai take ciyarwa.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Littafin da ke zuwa da mota da Turanci yake, ko Faransanci, ko Larabci, in ma bai ɓace ba tun a hannun mai ita na farko. Direban Jibiya yana karanta Hausa, yana sauraron saƙon murya da Hausa, amma ilimin motarsa yana kulle a wani harshe ko a bakin maigidan gareji. Mu kuwa muna cika shafuka da labaran attajiran da motocinsu ba sa ko faci. Nawa ne a cikinmu suka taɓa zama awa ɗaya a gareji suna rubuta kalmomin da ake amfani da su? Lagireto, fulogi, salansa, giris, kafireto, duk Hausa ce yanzu, masu baƙin mai a hannu suka ƙera ta, mu masu cewa muna raya harshe ba mu adana ba. A kwalejin kimiyya da fasaha an koya mana cewa bayanin da mai aiki bai fahimta ba, ba bayani ba ne. Rubutu mai sauƙi, shafi ɗaya, a kan yadda ake duba baƙin mai, zai iya ceton injin da ke ciyar da mutum goma sha biyu.

Sharaɗi ɗaya ne: kada mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Kuskure a labarin soyayya dariya yake jawowa, kuskure a bayanin birki gawa yake jawowa. Saboda haka shawarata ga kowa a wannan mako ita ce, ka sami bakanike mai gaskiya a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya nuna maka aiki ɗaya tak. Ka rubuta shi da Hausar da yaron mota zai gane, ka koma ka karanta masa ya gyara maka, sannan ka fitar. Idan mutum ashirin a cikinmu suka yi haka, mun sami ɗan littafin da direbobin Jibiya da Maraɗi za su ajiye kusa da sifana.

Allah Ya tsare matafiya, Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, Ya sa alƙalumanmu su amfani jama'a.