Shekarar Jira Amana Ce a Wuyan Iyaye

Ya ku iyaye na Sabon Birni da Isa, yaro ya gama sakandare, bai sami gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ba, sai mu bar shi shekara guda yana zaman tasha. Wannan sakaci ne babba, balle a ƙasar da 'yan bindiga ke farautar matasa marasa abin yi. Shehun da jami'ar ke ɗauke da sunansa, neman ilimi ya kai shi har Agadas tare da Malam Jibrilu. To, mu tsara wa 'ya'yanmu wannan shekara: safiya a gona ko wurin sana'a, yamma gaban malami, dare kan littattafan JAMB. Allah Ya sa mu dace, amin.